Littafin awo ya koma cikin waya mai fitila a baya

Litinin, 3 ga Fabrairu 2025

Da la'asar ƙanena ya iso daga Kano da wayar. Nothing Phone (2a) ce, fara, ta hannu, mai 128 GB. Na sayar da tsohuwata naira 85,000, na cika 320,000, ta tsaya mini a 405,000. Kuɗi ne masu nauyi a hannun tela, shi ya sa na ɗauri niyyar rubuta duk abin da zai biyo baya, in ga ko za ta fanshi kanta kafin Sallah.

Aikin da na sa a gaba biyu ne. Na farko, littattafan awona guda uku, waɗanda na fara cikawa tun 2017, su koma cikin waya kafin azumi. Ɗaya daga cikinsu yoyon rufi ya jiƙa shi a daminar bara, biro ya narke a shafi kusan ashirin, har yau akwai mutanen da sai na sake auna su. Na biyu, in daina rasa kira. Shagonmu a Ƙofar Ƙaura da ke Katsina keke huɗu ne da na aikin wuya ɗaya, in aka ɗauke wuta muka ta da janareta ko ganga aka buga a ƙofa ba mai ji. Bara wani Alhaji ya kira ni sau biyar yana so a canza masa wuyan riga, ban gani ba sai da almakashi ya gama aikinsa.

Abin da ya ja ni ga wannan wayar ke nan. Bayanta garai yake, ana hango kusoshi da wani zane mai lanƙwasa kamar an buɗe cikinta, kyamarori biyu a jere a tsakiya kamar idanu, sai siraran fitilu uku da suka kewaye su. Glyph suke kiran fitilun. Kamfanin a Landan yake, Carl Pei ne ya kafa shi a 2020 bayan ya bar kamfanin waya na OnePlus. Wayarsu ta farko ta fito a Yulin 2022, wannan kuwa a Maris ɗin 2024. Yaran shago sun ajiye aiki sun zagaye ni, ƙaramin cikinsu ya ce, "Maigida, mi ya sa aka sayar maka ba a rufe bayan ba?"

Laraba, 5 ga Fabrairu

Asarar farko. Ko sabuwa ka saya, igiya kawai ke cikin kwalin, babu kan caja. Na tsaya wani teburi a bakin hanya na sayi kai na 3,500, an rubuta a jikinsa wai mai sauri ne. Awa uku da rabi bai cika ta ba, kan kuma ya yi zafin da ba ya taɓuwa. Na cire na jefa shi a akwatin ƙyalle.

Wani mai gyaran waya da nake yi wa ɗinki ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Wayar tana ɗaukar har wat 45, amma sai da kan da bakinsa USB-C ne mai tsarin PD, don a nan ne caja da waya suke daidaitawa kan ƙarfin wutar da za a tura. In babu wannan, a hankali za ta yi ta sha. Ya samo mini mai kyau a 16,000. Awa ɗaya da 'yan mintuna ta cika. Ga wanda wuta ke zuwa masa ba sallama ta tafi ba sallama, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Babu ramin abin kunne irin na da, babu kuma wurin sa memori. Na sayi ɗan mahaɗi 3,000 don in ci gaba da jin tafsiri da tsohon abin kunnena.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Yau bayan isha'i na zauna na saita fitilun, kuma a nan na fara ganin kuɗina.

Akwai saitin da in ka kifa wayar, sai ta yi shiru gaba ɗaya, fitilu kaɗai ke magana. Na kifa ta a gefen hagu na keke, inda wutsiyar idona ke kaiwa ko ina bin ɗinki. Na sa ƙanena ya kira ni daga waje, janareta na ruri, kekuna uku na gudu. Na gani nan take, fari tas yana walƙiya a kan teburin.

Wanda ya fi burge ni shi ne na saƙo mai muhimmanci. Za ka zaɓi manhaja ko mutum, in saƙonsa ya shigo sai fitila ɗaya ta kunnu ta tsaya cak, ba za ta mutu ba sai ka buɗe. Na sa abu uku: saƙon shigar kuɗi na banki, uwargida, da mai kawo mini zare da kayan aiki. Sauran duniya, rukunin 'yan makarantarmu da na unguwa da masu turo barka da Juma'a, su jira. A da in waya ta yi motsi sai na ɗauka, in na ɗauka kuwa sai minti goma sun tafi a kallon abin da bai shafe ni ba, allura na tsaye. Yanzu fuskarta na ƙasa. In fitilar nan ba ta tsaya ba, hannuna ba ya barin yadi.

Ana iya ba kowane mutum nasa salon walƙiya. Na gwada wa mutum shida, na ga ba zan riƙe ba, na rage zuwa biyu: Hajiya mahaifiyata da uwargida.

Alamomin manhajojin baƙi da fari suke zuwa, ga wani rubutu na ɗigo-ɗigo a agogo da wasu wurare. Yana da kyau a ido, amma ni na saba neman kore in zan shiga WhatsApp. Na mayar da su masu launi.

Lahadi, 9 ga Fabrairu

Na buɗe jadawali a Google Sheets: suna, lamba, tsawon riga, kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, tsawon wando, ƙugu, cinya, ƙafa. Na saita shi ya riƙa buɗewa ko babu data. Mutum 40 sun shiga. Saura 272.

Alhamis, 13 ga Fabrairu

Neman rigar waya ya cinye mini wuni biyu. Na zaga masu kayan waya na cikin gari, in na miƙa ta sai a juya ta a yi ta kallo, a kira na kusa ya zo ya gani, sannan a ce babu. Na Tecno da Infinix da Itel da Samsung ga su nan buhu-buhu. Wani ya ce zai yanka mini ta wata waya da reza ya faɗaɗa ramin kyamara, baƙa ce wuluk. Na ce masa in na rufe bayan, fitilun da na saye ta dominsu fa?

Na aika Kano wurin wani mai kaya, na tura 4,500 har kuɗin mota. Da saƙon ya iso tasha na buɗe, sai na ga ramin kyamara a kusurwa, a tsaye. Ta Phone (2) ya aiko, ba ta (2a) ba. Na kira shi ya ce ai duk Nothing ce. Mun yi ta ja, ya ce in mayar in biya kuɗin mota zuwa da dawowa, wanda ya kusa kuɗin rigar. Na haƙura. Laifina a ciki shi ne ban tura masa hoton bayan wayar ba tun farko, da baki kawai na faɗa.

Ƙanena zai koma Kano ranar Asabar, zai shiga kasuwar waya ta Farm Centre da hoton a hannunsa. Kafin nan na ɗinka mata 'yar jaka da ragowar yadi mai laushi.

Talata, 18 ga Fabrairu

Riga mai garai ta zo, 6,000, da gilashin fuska 2,500. Awo ya kai mutum 165.

Yau na fara ɗaukar hoton ɗinkuna don kundin WhatsApp Business, sai na ci karo da abin da ban yi tsammani ba. Kyamarorin baya biyu kowace megafiksel 50 ce, kaifi ba a magana, zaren aikin wuya ɗaya-ɗaya ake ƙirgawa. Launi ne matsalar. Na ɗauki wata shadda ruwan madara a ƙarƙashin ƙwan shagonmu, ta fito kamar sararin samaniya. Na tura wa mai ita don ya ga aikin, sai ga kira: "Malam, wannan ba shaddata ba ce, an musanya mini." Sai da ya tako da ƙafarsa ya gani da idonsa hankalinsa ya kwanta.

Ƙwan namu ne mai haske shuɗi-shuɗi, shadda kuma tana da ƙyalli, duk hasken da ya faɗa mata shi take mayarwa. Na yi gwaji wajen sau goma sha biyar da ƙyalle ɗaya. Abin da ya ba ni launi na gaskiya: bakin ƙofa, cikin inuwa, tsakanin takwas da tara na safe, a kashe ƙwai, a ajiye farar takarda a gefen kayan don kyamara ta sami abin da za ta auna fari da shi, daga baya in yanke takardar daga hoton. In hazo ya yi yawa hoton kan ɗan ja ruwan ƙasa, ranar sai a bari.

Fitilun baya ma suna aiki a matsayin hasken ɗaukar hoto. Ba su kai filasha ƙarfi ba, amma haskensu mai taushi ne, ba ya ƙona ƙyallin shadda. Da su nake ɗaukar aikin wuya da na aljihu daga kusa, kamar taƙi ɗaya. In an matsa nesa ba sa isa.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Mutum 230. Hoto 48 a kundi. Tun da aka amince da ƙarin kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da data a watan jiya, na hana hotuna hawa intanet da rana, sai da dare. Google na ba da 15 GB kyauta, jadawalin awo kuwa ko ɗigo bai ci ba a ciki.

Alhamis, 27 ga Fabrairu

Alhamdu lillahi, littattafai uku sun ƙare, mutum 312. Goma sha bakwai na shafukan da ruwa ya ɓata na yi musu jan launi, sai sun zo an sake awo. Yarona babba shi ya riƙa karanto mini ina bugawa, wani lokaci mu yi musanye.

Na cire rigar wayar don in goge, gabana ya faɗi. Ƙurar hunturu da burbushin zare sun shige tsakanin riga da baya, sun yi ta goga, sun bar ƙananan zane wajen kusurwa biyu na ƙasa. Bayan nata roba ne, ba gilashi ba, ba ya fashewa da sauƙi amma yana karcewa. Kwana tara kawai na bar ta ban buɗe ba. Daga yau duk Juma'a da safe zan cire in share da auduga.

Shirin azumi: kowane ɗinki zai sami lamba, a rubuta ta da alli a jikin yadi, a sa ta a jadawali da ranar alkawari. A WhatsApp na yi tambari huɗu, an karɓa, an yanka, an ɗinka, an biya. Ranar 10 ga azumi zan rufe karɓar kaya, ko ɗan'uwana ne.

Asabar, 1 ga Maris

An ɗauki azumi. Kaya 31 sun shigo yau kaɗai.

Alhamis, 6 ga Maris

Ranar nan ta yi mini ɗaci, zan rubuta ta yadda ta faru.

Akwai wani dattijo da ɗansa, duk ni ke musu ɗinki, ɗan kuma sunan kakansa ya ci, wanda shi ne sunan da dattijon ke amfani da shi a matsayin na biyu. A tsohon littafi ba na ruɗewa, don na dattijon yana littafin farko da baƙin biro, na ɗan yana na uku, har da ɗan zanen babur da na yi a gefe don in tuna shi. A jadawali kuwa layi biyu ne a manne, sunaye kusan iri ɗaya. Dattijon ya aiko da shadda yadi huɗu ruwan toka, na nemo suna, na ɗauki layin ƙasa maimakon na sama. Kafaɗa 17 na yanka, tasa 19 da rabi ce. Hannu ya gaza da inci biyu. Sai da aka harhaɗa rigar na ɗaga ta, jikina ya ba ni cewa wannan ba za ta shiga mutumin da na sani shekara takwas ba.

Bayan an sha ruwa na ɗauki rigar na tafi gidansa a Ƙofar Marusa. Na durƙusa na ce, "Baba, na yi maka ɓarna, kuma ni na yi, ba yara ba." Ya juya ta, ya yi shiru, ya ce, "To ai ta yi wa yaron, ka ƙarasa masa ita." Na ce duk da haka zan sayo masa wata. Ya ƙi, na nace, daga ƙarshe ya ce in yi abin da zai kwantar mini da rai. Na sayo irinta yadi huɗu a 52,000.

Da na dawo na kasa barci ina tunani. Littafin nan ba lambobi kaɗai ya riƙe mini ba. Launin biro, gefen shafin da ya naɗe, tabon shayi, duk alamu ne da idona ya haddace ban sani ba. Na kwashe lambobin na bar alamun a baya.

Lahadi, 9 ga Maris

Gyara. Na ƙara gida biyu a jadawali, unguwa da laƙabi. Duk wanda ya zo, da izininsa, ina ɗaukar hotonsa in haɗa da lambarsa, wanda bai so ba in ɗauki hoton yadinsa. Doka sabuwa: ba a sa almakashi sai mutum biyu sun karanta awon da ƙarfi. Na sami wasu sunaye tara masu kama da juna na raba su.

Gobe za a rufe karɓa. Muna da 146.

Asabar, 15 ga Maris

Zafi ya sauka sosai. Da azahar na manta wayar a kan teburin guga kusa da dutse, na dawo na tarar ta yi ɗumi har hasken fuskarta ya ragu. Na sa ta a inuwa ƙarƙashin teburin yanka, ta dawo daidai. Na daina cajinta tsakar rana, sai bayan asuba.

Batirin 5000 mAh ne, kuma tunda yawancin wuni a kife take, fuskar da ke cin wuta ba ta kunnuwa. Daga asuba zuwa sha biyun dare nakan sami kusan kashi 30 ya rage.

Na gano amfanin wani abu da na ɗauka wasa ne. In ka saita lokaci ka kifa ta, doguwar fitilar sai ta riƙa raguwa kaɗan-kaɗan har lokacin ya cika. Minti 25 nake sa wa yara na kwanciya bayan azahar. Kowa daga inda yake kwance yana hango saura nawa, ba mai tambaya, ba mai gardama.

Juma'a, 21 ga Maris

Daren jiya aka shiga goman ƙarshe. Na rufe shago ƙarfe ɗaya na wuce tahajjud. Don kada ta dame ni a aljihu wajen sujada, na kifa ta a gabana kan darduma, na san dai ba za ta yi ƙara ba. An rage fitilun masallaci, liman na tsakiyar karatu, sai wani mai kaya ya kira. A cikin duhun nan hasken ya watsu har sahu biyu, yana walƙiya yana sakewa. Ba damar in sunkuya. Ya katse, ya sake kira.

Da aka sallame wani dattijo na gefena ya dafa gwiwata ya ce, "Ɗana, a kashe abin nan in an shigo ɗakin Allah." Bai ɗaga murya ba. Na ba shi haƙuri, na ba na bayana, kunya ta hana ni ɗaga kai. Shiru a wurina rashin ƙara ne kawai, ban taɓa kawo cewa haske ma yana shagaltar da mai salla ba.

A saitin Glyph akwai jadawalin barci da ke kashe fitilun a lokacin da ka zaɓa. Na sa daga sha biyu da rabi zuwa biyar da rabi. Na kuma jawo maɓallin kashe su cikin saitunan gaggawa na sama, don sauran salloli. In zan shiga masallaci yanzu, takalmi a hannu, fitila a kashe, waya cikin jakarta a aljihun 'yar ciki. A kasuwa ma can take zama, don ta cika jan ido a cikin cunkoso.

Talata, 25 ga Maris

An ba da 88. Saura 58. Kwana muke a shago.

Asabar, 29 ga Maris

Mun so a cika talatin don mu sami wuni ɗaya, amma da dare sanarwa ta fito daga fadar Sarkin Musulmi cewa an ga wata, gobe Lahadi Sallah. Kaya 19 ne a hannunmu lokacin.

Shago ya cika, wasu a kan benci, wasu a tsaye a ƙofa, kowa na cewa taransifa zai yi. A da nan ne ake cuɗewa, mutum ya nuna maka fuskar wayarsa ya ce ya tura, kai kuma hannunka na kan keke. Yau wayar na kife a gefena. In fitilar ta tsaya, sai in ɗaga in duba suna da adadi, in ce wa yaro lamba kaza, ya ciro a leda ya miƙa. Wani matashi ya nuna mini rasit a wayarsa, fitila ba ta kama ba. Na ce ya ɗan zauna. Minti ashirin sai ga ta, sabis ne ya riƙe kuɗin. Ya karɓi kayansa muka yi musabaha.

Ƙarfe huɗu da rabi na asuba na kashe keke. Bakwai sun rage, na kira masu su tun sha ɗaya na dare na faɗa musu gaskiya, don jadawalin ya nuna mini ba za su samu ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu

Na buɗe shago yau. Cikin 146, an ba da 139 kafin Idi. Bara 23 ne suka kwana, bana bakwai, kuma biyar daga cikinsu na waɗanda suka kawo a ranar rufewa ne.

Abin da ya fita: waya 405,000, caja biyu 19,500, riga biyu 10,500, gilashi 2,500, mahaɗi 3,000, shaddar Baba 52,000. Jimla 492,500, in an cire kuɗin tsohuwar waya 407,500 daga aljihuna, ban da data. Ba ta fanshi kanta ba tukuna. Kundin hoto ya kawo mini sababbin mutum goma sha ɗaya, biyu daga Daura, ɗaya daga Jibiya, duk ta hanyar wanda ya tura wa wani.

Abu ɗaya ke damuna. In fuskarta ta fashe, ban ga mai ita a garin nan ba, sai an nema daga Kano ko Legas, shago kuma ba zai tsaya jira ba. Don haka gobe zan kai jadawalin a buga mini shi a takarda, in sa a leda in ajiye a gida. Zan kuma buɗe wa yarona babba shi a tasa wayar, ya iya dubawa amma ba ya iya gyarawa.

Babbar Sallah farkon Yuni za ta kama. Kafin nan ina so in ƙara gidan kuɗin kafin alƙalami da ragowar bashi a jadawali, in sake awon mutum shida da suka rage masu jan launi, in kuma sayi farin ƙwai mai hasken rana in rataye a kusurwar da nake ɗaukar hoto. Ranar Asabar zan kai wa Baba sabuwar rigarsa ta biyu, wadda ya aiko da yadinta jiya.